Sakan Huɗu Kafin a Ɗaga

Matakala ɗari da tamanin da biyu ne tsakanin ƙasa da wurin aikin Na-Sama, kuma kullum yakan gama taka su kafin leburori su gama ɗaura igiyar takalmi. A ƙololuwar injin ɗaga kaya akwai wani ɗan ɗaki na gilashi da ma'aikata ke kira keji. Kujera ɗaya ce a ciki, da liba biyu na sarrafa injin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai oba-oba da ke rataye a jikin ƙusa. Yana hawa da filas ɗin shayi da burodi da gorar ruwa, da wata gora ta biyu wadda ba a tambayar amfaninta. Ba ya saukowa sai an busa jiniyar tashi.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan aiki, daga wannan gini zuwa wancan. Sunansa na yanka ya daɗe da maƙalewa a takardun ofis. Kowa Na-Sama yake ce masa, kuma rabin masu kiran sunan da za su haɗu da shi a kasuwa ba za su gane shi ba. Haka aikin ya gada: direban da ya iya aikinsa ba wanda ke ɗaga kai ya dube shi. Kaya su sauka, a kwance ƙugiya, a ci gaba da hira. Shi ma daga can ba ya ganin fuska, sai hulunan kwano suna kai da komo. Amma ya san kowace hula da tafiyarta. Ya san wadda ke ɗingishi, ya san wadda ke laɓewa bayan tarin bulo ta sha taba, bai kuma taɓa kai ƙarar kowa ba.

Tun da matarsa ta rasu, shekara huɗu da suka wuce, muryar da ke cikin oba-oba ita ce mafi yawan maganar da ake yi masa a wuni. "Ɗaga." "Dama kaɗan." "Sauke." "Tsaya." 'Yarsa Auta tana wani gari mai nisa da mijinta da 'ya'ya uku, takan kira shi ranar hutu. Sauran kwana shida kuwa, in ya koma ciki da falonsa, daga shi sai rediyo. Ba ya ƙorafi, amma ya san sarai cewa a keji ne kaɗai ake jiran hannunsa.

Ana nan sai kamfani ya turo sabon mai duba aiki, wani mutum mai fara'a, ɗan shekara arba'in, wanda ya zo daga wani kamfanin lodin motoci. Agogon auna gudu ne rataye a wuyansa ko da yaushe, kwana biyu da zuwansa aka laƙaba masa Mai Agogo. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne dai da in abu bai shiga lamba ba, to a wurinsu bai faru ba. Wata ranar Talata bayan an tashi, ya sa aka kira masa Na-Sama zuwa kwantenar da suke ofis a ciki.

"Baba, zauna. Ba zan ɓoye maka ba, kwana goma ke nan ina auna ka."

"Auna ni? Ƙiba na yi?"

Mai Agogo ya yi dariya, ya juyo masa da takarda. "Daga lokacin da aka ce maka ɗaga zuwa lokacin da kaya suka motsa, shi nake aunawa. In ƙaramin aiki ne, a matsar da bulo daga nan zuwa can, kafin in danna agogo har ka tashi. Amma in aka ce ka kai kaya bayan gini, sai ka yi tsit. Sakan huɗu. Jiya har biyar."

"Ina duba hanya ne."

"Hanya a sararin sama, Baba? Cunkoso ake yi a can?"

Na-Sama ya dubi takardar. Ta yaya za ka gaya wa mutum abin da hannunka ya sani, bakinka bai taɓa faɗa ba? A cikin sakannin nan yakan yi tafiyar gaba ɗaya a kansa tun kaya na ƙasa: inda zai ɗaga ya tsaya, inda zai juya, inda iska ke bugowa ta tsakanin benaye biyu, inda zai fara rage gudu don kada kaya su yi lilo, da wurin da za su zauna. Sai ya ga ƙarshen tafiyar sannan hannunsa ke yarda ya soma. Bai taɓa sanin ana ganin wannan shirun daga ƙasa ba.

Mai Agogo ya gyara murya. "Doka ce ta fito daga sama, ba daga ni ba. Duk direban da ya haura sittin sai likita ya gwada saurinsa, sannan a gwada shi a bakin aiki. Ɗagawa uku, kada ko ɗaya ta wuce sakan biyu kafin a motsa. Wanda bai ci ba, zai sauka ya huta."

"Ya sauka," in ji Na-Sama.

"Da haƙƙinsa cikakke, Baba. Ba kora ba ce."

Na-Sama ya yi godiya ya fito. Ya kama hanyar tashar mota.

Asibitin da aka tura shi wani ɗaki ne a hawa na biyu, mai tebur ɗaya da na'ura mai ƙwaƙwalwa da labule kore. Likitar mace ce mai furfura a goshi, ba ta da gaggawar magana. Ta zaunar da shi gaban wani faifan katako mai maɓalli da ƙwan fitila, ta ce ya ɗora yatsa a kan maɓallin, da zarar fitila ta kama ya ɗage. Ya yi sau ashirin. Ta dubi na'urar, ta ɗaga gira.

"Baba, ka fi ɗalibaina sauri."

Sai ta canja wasan. Yanzu in fitila ta kama, zai ɗage yatsa, ya bi wani lanƙwasasshen layi a kan faifan a hankali, ya taɓa maɓallai uku bi da bi, ya ƙare a wani ɗan rami da bai fi ƙwayar wake ba. Ya yi wannan ma sau ashirin. A ganinsa daidai yake tashi da na farko, amma ta juyo masa da na'urar ta nuna masa layuka biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Fitilar ɗaya ce, yatsan ɗaya ne, ɗagewar ma ɗaya ce," in ji ta. "Amma in aikin da ke gaba dogo ne, yatsanka yana ɗan jinkiri kafin ya bar maɓalli. Kowa haka yake, har yara masu jini a jika. Kai yana shirya tafiyar ne tun ba a soma ba, in ta yi tsawo shirin ma sai ya yi tsawo."

Na-Sama ya ji kamar ya riƙe hannunta don godiya. Shekara ashirin da bakwai, yau wani ya faɗa masa abin da yake yi a keji.

"To likita, ki rubuta musu haka."

"Zan rubuta. Amma gaskiya ɗaya ce, Baba, sai na rubuta duka. A nan bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, naka na can sama kuwa sakanni ne, wani daga jiki, wani daga sabon da ka yi wa kanka. Kuma a dogon aikin ka ɗan fi matasa jinkiri. Kaɗan ne, shekaru ne. Sai dai ba ka kuskure ramin ba ko sau ɗaya, su kuwa suna kuskurewa."

Ta cika shafi guda da bayani. Takardar kamfanin kuwa gurbi ɗaya gare ta, na lamba. Da Na-Sama ya kai wa Mai Agogo, ya ga idonsa ya tafi kai tsaye kan gurbin, shafin bayanin kuma ya shiga cikin fayil. Aka sa ranar gwaji, Litinin ta sama.

Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, haka ya gaya wa kansa. Ranar hutu bayan la'asar ya jawo kujera tsakiyar falo, ya riƙe ludayi a dama, muciya a hagu, a matsayin liba. Zai koya wa hannunsa tashi ba jira. Nan ya ci karo da matsalar da bai yi tsammani ba: ba wanda zai ce masa ɗaga. In shi ya faɗa wa kansa, ai ya riga ya san lokacin da zai faɗa. Ya dubi ƙofar ɗakin kwana, inda da can da ya kira an amsa, har a yi masa tsiya a ce tsoho ya koma wasan yara. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Daga baya ya kunna rediyo, ya ƙudura cewa duk sanda mai karanta labarai ya ce "gwamnati", zai ja ludayi. Bai rasa aikin yi ba, don kuwa a minti goma sai da ya ja sau goma sha tara.

Yana cikin haka Auta ta kira.

"Baba, ya jiki? Na ji kana haki."

"Motsa jini nake yi."

"Kai da ke hawa tsani kullum? Baba, wai yaushe za ka ajiye aikin nan ne? Ka yi mai isarka."

"In na ajiye in ɗauki me?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake, sai wani yaro ya fashe da kuka a bayanta, ta ce za ta sake kira. Bai gaya mata zancen gwajin ba. Ya ajiye wayar, ya koma kan ludayinsa.

Ranar Alhamis ya ce bari ya gwada a bakin aiki. Aka ɗaura masa damin rodi, za a kai bayan gini, hawa na tara. Mai ba da alama ya ce, "Ɗaga," kafin ya rufe baki Na-Sama ya ja liba. Kaya suka tashi fes. Amma yana juyawa ya tarar bai san inda zai fara rage gudu ba, yana tafiya yana lissafi, ga iska ta bugo ta tsakanin benaye. Damin ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Bakin rodin ya doki katakon da magina ke tsayuwa a kai, bokitin siminti ya wuntsila, ya faɗo hawa tara ya tarwatse a ƙasa. Allah ya taƙaita, ba kowa a wurin. Wani birkila da ke tsaye taku biyu daga inda bokitin yake ya dafe bango. Sannan ya tura hularsa baya, ya ɗaga kai, ya dubi keji.

Wannan ce fuskar farko da Na-Sama ya gani daga sama a cikin shekaru masu yawa. Dattijo ne kamarsa, mai farin gemu. Bai yi zagi ba, bai nuna yatsa ba, kallo kawai ya yi, irin kallon wanda ya amince da kai ya ga ba haka ba.

Oba-oba ta yi ƙara. Mai Agogo ne, yana gaban gini, bai ga abin da ya faru a baya ba. "Yawwa Baba, sakan ɗaya da rabi. Ka ga ashe kana iyawa. Haka nake so ranar Litinin."

Na-Sama ya mayar da oba-oba jikin ƙusa. Kunya ta rufe shi, shi kaɗai a cikin gilashi. Ya san yanzu zai iya cin gwajin. Abin da ya hana shi sukuni ke nan har ƙarshen mako.

Ranar Litinin wani jami'i ya zo daga babban ofis da farar hula sabuwa dal, ya tsaya kusa da Mai Agogo. Ɗagawa ta farko bulo ne, daga mota zuwa gefen mota. Sakan ɗaya. Ta biyu buhunan siminti, zuwa hawa na farko. Sakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Ta uku kuwa matakalar kankare ce da aka zuba a waje, tan uku, za a ɗaga ta sama da ginin gaba ɗaya, a juya da ita, a zura ta tsakanin bango biyu inda tazarar ba ta fi kamu uku ta kowane gefe ba. A cikin ramin da ke tsakanin bangon huluna shida na jira su karɓe ta, kuma ɗaya daga ciki Na-Sama ya san tafiyarta tun ranar Alhamis.

Aka ɗaura sarƙa, aka ja baya. Ya ɗora hannu a kan liba. Ya tuna falonsa da ƙarfe goma na safe, abin da bai taɓa gani ba sai ranar hutu. Ya gaya wa kansa cewa sau ɗaya ne kawai, zai tashi da wuri ya yi lissafin a hanya, sau da yawa ai ana dacewa.

"Ɗaga," in ji mai ba da alama.

Hannun ya zabura, don mako guda ana koya masa. Na-Sama ya danne shi. Ya ɗaga matakalar a cikin kansa, ya haye da ita rufin, ya ji iskar tana turo ta hagu, ya ba ta haƙƙinta, ya rage gudu daidai saitin tankin ruwa, ya tsayar da ita cak a bakin ramin, ya sauke ta tsakanin hulunan shida. Yana sane da agogon da ke tafiya a ƙasa, yana jin kowane sakan a ƙirjinsa.

"Baba," in ji Mai Agogo a oba-oba, a hankali, kamar mai roƙo. "Baba, ɗaga mana."

Sannan ya ja liba. Matakalar ta tashi, ta bi hanyar da aka shimfiɗa mata ba ko karkacewa, ta shiga tsakanin bangon, ta zauna a mazauninta ba tare da ta ɓanɓare ko ɓawon siminti ba. Mutanen shida suka kwance sarƙa suna hirarsu. Ba wanda ya ɗaga kai.

Sakan biyar aka rubuta. Da yamma Mai Agogo ya same shi a gindin tsani, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, me ya sa? Na ga ka yi ranar Alhamis. Na yi wa jami'in nan bayani, na ce ya dubi yadda ka sauke, ya ce shi ba a ba shi gurbin saukewa ba."

"Ba komai, ɗana. Aikinka ka yi."

"Da ka daure sau ɗayan nan kawai."

"Daurewar ke nan na yi," in ji Na-Sama.

Aka bar shi ya ƙarasa wata. Ranar ƙarshe ya share keji, ya goge gilashi ciki da waje iyakar inda hannunsa ya kai, ya zuba filas da gorunansa a jaka. Ya sauko a hankali, ya miƙa mabuɗi da hular kwano a ofis, ya sa hannu a wurare uku. Mai Agogo ya so a tara ma'aikata a yi masa ban kwana, amma motar kankare ta makara, kowa na fama, sai aka bar zancen. Da aka busa jiniya mutane suka yi ta kwarara ta bakin ƙofa, suna ture juna suna dariya. Birkilan nan mai farin gemu ya wuce ta gefensa, har kafaɗarsu ta gogu, ya ce masa, "Gafara dai, malam," ya yi gaba. Bai san ko wane ne ba.

Na-Sama ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa. Titin dai shi ne wanda ya saba bi: a miƙe zuwa shagon mai faci, a karya dama, a tsallaka, ga tashar mota. Amma da ya fara tafiyar a kansa kamar yadda ya saba, sai ya ga ba ta tsaya a tasha ba, ba ta tsaya a ƙofar gidansa ba. Ta wuce zuwa gobe da safe, da jibi, da watan gobe, shi da rediyo da kujera a tsakiyar falo. Ya bi ta iya ganinsa, bai ga wurin saukewa ba. Ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.

Ƙofar ta yi fayau, saura mai gadi da ke jawo sarƙa zai rufe. Ya jira, ya sake jira, sannan ya leƙo.

"Baba, mantuwa ka yi a ciki?"

"A'a."

"To wani kake jira?"

"Ba kowa," in ji Na-Sama. "Ka rufe abinka, ɗana. Yanzu zan tafi."

Mai gadi ya rufe ƙofar, ya sa kwaɗo, ya koma rumfarsa ya ɗora ruwan shayi. Har ruwan ya tafasa, in ya leƙa ta ƙasan ƙofa, yana hango takalman tsohon a inda suke.